'Yan awaki da sanyin hunturu: leda da kaskon wuta sun isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon awaki a cikin gida a Daura, uwaye shida, duk jajaye. Uku sun haihu, 'ya'yan akwai mai sati biyu har zuwa mai wata huɗu, biyu kuma cikinsu ya tsufa. Bara da hunturu 'ya'ya biyar na rasa: wasu da tari da majina, wasu da zawo, biyu kuma gari ya waye kawai na tarar sun sandare. Bana ina so in toshe ɗakinsu ruf da leda, in riƙa sa musu kaskon wuta da dare. Hakan ya isa, ko da abin da ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri. Leda da kasko dai ki jingine su tukuna, don su biyun za su iya yi miki ɓarnar da ta fi ta bara. Mutuwar da kika lissafa ba ƙofa ɗaya ta shigo ba. Waɗanda aka wayi gari sun sandare, galibi yunwa ce ta kayar da su, sanyi ya ƙarasa. Masu tari, a duba ɗakin kwanansu da kuma baƙuwar dabbar da aka shigo da ita. Masu zawo kuwa, a duba shimfiɗa.

Sanyin ƙasarmu shi kaɗai ba kasafai yake kashe ɗan akuya ba. A Katsina da Daura, dararen Disamba da Janairu ma'auni yakan sauka wajen digiri 12 ko 13, wani daren ya gangara ƙasa da haka, da rana kuma ya haura 28. A Kanada da arewacin Turai ana kiwon awaki a inda ruwa ke daskarewa a kwano, 'ya'yan kuma su fita lafiya. Gaskiya ne awakin can suna fitar da wani lallausan gashi a ƙarƙashin na sama, jar akuyarmu kuwa gashinta gajere ne, fatarta ta majema ce (ita ce aka daɗe ana ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko). Duk da haka, ɗan akuyar da cikinsa ke cike, jikinsa a bushe, iska ba ta bugunsa a inda yake kwance, digiri 12 ba ya yi masa komai. Ɗuminsa daga cikinsa yake fitowa. Aikin ɗaki shi ne ya hana ɗumin nan gudu, ba ya kawo wani daga waje ba.

Ki fara da biyun nan masu tsohon ciki, domin 'ya'yansu ne za su faɗo a tsakiyar ɗari. Akuya wata biyar take yi da ciki, kwana 145 zuwa 150, kuma mafi yawan girman ɗan a makonni shida na ƙarshe yake yinsa. Daidai lokacin ciyawa ta bushe, uwar tana yawo tana tsintar kara. Wadda ta rame a wannan tsakanin ƙaramin ɗa za ta haifa, mara kitse, dakashinta, wato nonon farko, ma ɗan kaɗan. Lafiyayyen ɗan jar akuya yakan zo da kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Wanda ya gaza haka, musamman cikin tagwaye ko 'yan uku, shi ne na sa wa ido. Akuya mai nauyin kilo 25 zuwa 30 tana bukatar kusan kilo ɗaya na busasshen abinci a yini: harawa giram 600 zuwa 700, sai haɗin dusa da za a fara da giram 150 a riƙa ɗagawa a hankali har 300 kafin haihuwa. Bayan haihuwa mai tagwaye ta kai 400. Kada ki dogara da ido, babban ciki yana ɓoye rama. Ki shafa gadon bayanta da tafin hannu. In ƙashin yana sukar ki kamar haƙoran zarto, a ƙara mata.

Ranar haihuwa, aikin duka a sa'o'i biyun farko yake. Yadda iskar hunturu ke sanyaya ruwan randa, haka take yi wa ɗan akuya jiƙaƙƙe: ruwan jikinsa yana bushewa yana tafiya da ɗuminsa. Uwa takan lashe na fari, kafin ta juyo na biyu ya faɗo, na fari ya yi rabin bushewa a cikin iska. Ki tanadi tsummoki busassu. Ki share majinar hanci da baki, ki goge jiki da ƙarfi-ƙarfi musamman ƙirji da kunnuwa, amma ki bar wajen kai da bindi ga uwar ta lasa, don ta nan take gane ɗanta. Cibiya a tsoma ta cikin aidin mai ƙarfi, na kashi 7 cikin 100, a murfin kwalba, har gindinta. Ƙazanta ta cibiya take shiga, bayan sati biyu a ga gwiwoyi sun kumbura ɗa ya kasa tashi bin nono.

Sai dakashi, wato nonon farko mai kauri. Kan nono yakan toshe da wani abu kamar danƙo, ki fara tatsar ɗigo biyu uku daga kowane ɓangare ki tabbatar yana zuwa. Akwai ɗan da za a gani maƙale da hantsa yana kaɗa bindi, alhali ko ɗigo bai samu ba. Ƙa'idar ita ce mil 50 ga kowane kilo a shan farko, cikin sa'o'i biyu da faɗowa. Ɗa mai kilo biyu ke nan mil 100, kuma kafin kwana ɗaya ya cika ya sha aƙalla kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, in ya ninka haka ya fi. Gaggawar tana da dalili biyu. Ɗan kitsen da aka haife shi da shi na sa'o'i kaɗan ne. Sannan garkuwar da ke cikin dakashi hanjinsa yana iya tsotse ta ne a farkon yini kawai. Tun sa'o'in farko ƙofar take fara rufewa, bayan sa'a 24 ta rufe. Ɗan da bai samu dakashi ba yakan rayu sati biyu uku, sai tari ko zawo na farko ya ɗauke shi, a ce sanyi ne. Bayan ya sha, ki ɗaga shi ki taɓa cikinsa a bayan haƙarƙari. Ki ji shi a cike, ba a lotse ba. In uwa ba ta da nono, a tatso na wata da ta haihu a ranar, in babu, dakashin saniya ya fi babu.

Ki koyi duba su da asuba, kafin komai. Lafiyayyen ɗan akuya in aka tashe shi daga barci sai ya yi miƙa, bindinsa a sama. Wanda ya tashi bai yi miƙa ba, ya tsaya a takure ya yi doro, ƙafafu huɗu a haɗe wuri ɗaya, bindi a ƙasa, yana kuka siriri, wannan yunwa yake ji kuma sanyi ya fara shigarsa. Sa ɗan yatsanki a bakinsa. In da ɗumi kuma ya kama tsotso, a kai shi ga nono yanzu. In bakin da sanyi kamar ƙasan tulu, abin ya yi nisa. Ma'aunin zafin jiki na kemis, wanda ake sa wa ta dubura, yana raba gardama: daga digiri 38 da rabi zuwa kusan 40 lafiya, ƙasa da 38 ya yi sanyi, ƙasa da 37 yana bakin mutuwa.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan ɗa shi ne ɗura. Wanda ba ya iya riƙe kansa ba ya iya haɗiya, madarar huhu take wucewa, ko kuma ta zauna a ciki mai sanyi ta ruɓe. A fara ɗumama shi. Nan ne ledarki take da amfani: a sa jikinsa cikin leda, kai a waje, a tsoma cikin bahon ruwa mai ɗumin da gwiwar hannunki za ta jure ba tare da jin zafi ba, wajen digiri 40, ana ƙara ruwan ɗumi in ya huce. Ko a sa shi a kwali da gorunan ruwan zafi da aka naɗe da tsumma, kada gora ta taɓa fata kai tsaye. In ya wuce sa'a biyar da haihuwa kuma ya yi laƙwas, sukarin jininsa ya ƙare, ɗumamawa kaɗai tana iya sa shi shure-shure ya mutu. A shafa masa zuma ko garin gulukos a dasashi, kuma in malamin dabbobi yana kusa, allurar gulukos ita ce maganin. Sai ya ɗaga kai ya kama yatsa sannan a ba shi nono mai ɗumi, mil 50, yana tsaye ko yana kife bisa ƙirjinsa, ba a rigingine kamar jariri ba.

Yanzu ɗaki. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka waɗannan ɓangarori biyu ne za a tare: katanga, ko zana ninki biyu, ko buhunan da aka ɗinke, daga ƙasa har tsayin ƙirjin mutum, ba tare da rata a ƙasa ba. Ratar ƙasa ita ce mugunta, don nan ɗan yake kwance. Sama kuwa, tsakanin zana da rufi, a bar fili kamar kamu ɗaya. Ƙofa ta dubi kudu. A wannan lokacin rana ta kudu take karkata, sai ta shigo ta busar da daɓe, iska kuma tana bayan ɗaki.

Ga abin da ya sa na hana ki leda. Awaki goma a rufaffen ɗaki suna fitar da tururin numfashi da fitsari duk dare. Tururin ya haɗu da leda ko kwano mai sanyi ya zama ruwa, ya ɗigo musu a baya. Zarnin fitsari kuma ya taru a ƙasa, ya ƙone hanyar numfashi, ƙwayoyin cutar da dama suna zaune a hancin lafiyayyar akuya su samu hanyar gangarawa huhu. Sannan da safe a buɗe ƙofa, su fito daga gumi zuwa iska mai sanyi da ƙura. Ciwon huhu ke nan. Gwajin mai sauƙi ne: da asuba ki shiga ki durƙusa, ki sauke fuskarki daidai tsayin ɗan akuya. In zarni ya sa idonki yaji, iska ba ta isa ba. In kin tashi gwiwar zanenki ta jiƙe, shimfiɗa ta lalace. Kasko kuma, ban da hayaƙi, gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ita ce ke kashe mutane a ɗaki lokacin sanyi. Ga zana, ga harawa, ga akuya mai tunkuyi, ga iskar da ke hura gobara. Ba ciniki ba ne.

Shimfiɗa ita ce bargonsu. Daɓen siminti yana zuƙe ɗumi, ƙasa ta fi shi. A share, a barbaɗa toka siririya, a zuba ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, a ɗora busasshiyar ciyawa a kai, kaurin duka ya kai tsawon tafin hannu, santimita 10 zuwa 15. In ɗa ya kwanta ba ki ganin ƙafafunsa, ta isa. Kullum a kwashe inda ya jiƙe a ƙara sabo; duk sati a kwashe gaba ɗaya a kai juji, taki ne. Uwa da 'ya'yanta suna bukatar fili kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu murabba'i. Cunkoso ba ɗumi ba ne, babba ce za ta kwanta kan ƙarami.

Abin da ya fi kasko amfani shi ne ɗan ɗaki a cikin ɗaki. A samu tsohuwar durom ta roba wadda ba a taɓa zuba guba a ciki ba, a kifa rabinta, a yanka ƙofar da ɗa zai shiga uwa ba za ta iya ba, a huda ƴan ramuka a sama, a cika da ciyawa. Babban kwando ko akwatin katako ma ya yi. 'Ya'ya uku huɗu za su cusa kansu ciki su ɗumama juna, kuma babu mai take su. Wanda aka haifa ƙarami ko maraya, a yanka masa hannun tsohuwar rigar sanyi, a huda wajen ƙafafun gaba. Na namiji a bar ƙasan ciki a buɗe saboda fitsari, bindi ma a buɗe don uwa ta shinshina. Da hantsi a cire. Riga jiƙaƙƙiya ta fi tsiraici illa, kuma bayan sati ɗaya ɗan da ke samun nono ba ya bukatarta. Ƙanana kada a sake su sai hantsi ya ɗaga, a mayar da su kafin magariba. Ranar da hazo ya rufe gari iska tana kaɗawa, su yini a bayan katanga.

Abinci kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Harawa da kaka ake tara ta, kafin tsada, a ɗaure a ɗora bisa rumfa inda rana ba za ta cinye koren ba. Ganyen shi ne abincin. Harawar da ta kakkaɓe ta zama tsirara kara ce kawai. Daga sati biyu ɗa yana fara taɓa ganye, a rataya masa ɗan damin harawa mai laushi a inda uwa ba ta kaiwa. Cin nan ne ke buɗe tumbinsa, kuma tumbin da ke aiki murhu ne: abincin da ke narkewa a ciki yana fitar da ɗumi duk dare. Shi ya sa harawar yamma ta fi ta safe muhimmanci, kaso mafi girma a ba su gab da shiga ɗaki.

Haɗin dusa a yi shi da awo, ba da ido ba: dusar masara ko ta gero kilo 4, ƙuli-ƙuli marar yaji da aka daka kilo 1, gishiri giram 50, garin farin dutse irin wanda masu haɗa abincin kaji ke sayarwa giram 50 zuwa 75. Wannan yana ba da sinadarin gina jiki wajen kashi 17 cikin 100, daidai bukatar mai tasowa. Ɗan sati biyu zuwa huɗu, abin da yatsu suka ɗebo ya isa. Ɗan wata biyu, giram 100 a yini. Na wata uku zuwa biyar, giram 150 zuwa 250, a raba safe da yamma. Duk ƙari a yi shi cikin kwana bakwai zuwa goma. Ɗan akuyar da ya afka wa kwaryar gero ko aka tula masa dusa rana ɗaya, cikinsa yana tsami ya kumbura, wani ya mutu kafin gari ya waye, kuma mafi ƙiba a garken ne yakan fara tafiya. Ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna a zubar. Anguriya da tunkuzarta a bar wa manya, akwai guba a cikinta da tumbin ɗan da bai kai wata uku ba bai iya karyawa. Gawo abokin rani ne, shi ke ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, 'ya'yansa kuma in sun fara zuba abinci ne mai kyau ga waɗanda suka wuce wata biyu. A farfasa musu. A kiyaye su da gyauron dawa, sabon tohon da ke fitowa a gindin kara bayan girbi, yana iya kashewa cikin sa'a guda. A cikin gari kuma a tsince leda daga tsakar gida, akuyar da ke jin yunwa ko ƙarancin gishiri ba ta ƙyale ta, kuma ledar da ta shiga tumbi ba ta fita.

Ruwa ana raina shi da hunturu, ana cewa ai ba sa jin ƙishi. Suna ji, ruwan da ya kwana a waje ne ba sa iya sha. Uwar da ba ta sha ba nononta ya ragu, ɗa ya kwana da yunwa, an koma gidan jiya. A sirka da ruwan zafi ya yi ɗumi-ɗumi da safe, a sake ba su da la'asar. Ƙasari na ranar yana da kyau, wanda ya kwana ya yi tsami a bar shi. Ga 'yan bunsura akwai ƙarin dalili: dusa mai yawa da ƙarancin ruwa su ke haifar da tsakuwa a mafitsara. Za ki ga ɗa yana miƙewa yana nishi, fitsari yana ɗiga ko ya tsaya cak. Farin dutsen nan da harawa su ne ke daidaita dusar, gishirin kuma yana sa su sha ruwa.

Hanyar sanin ko abincin yana isa ita ce sikeli. A sa ɗa a buhu a rataya a sikelin hannu duk Juma'a, a rubuta. Ƙarin giram 350 zuwa 500 a sati ya yi kyau ga jar akuya. Wanda ya tsaya wuri ɗaya sati biyu a jere, akwai magana, ko da ido bai nuna ba.

Maraya madarar akuya ta fi masa, sai ta shanu sabuwar tatsa wadda aka tafasa ta huce zuwa ɗumin jiki, ba nono mai tsami ba, ba koko ba. Kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa a yini: mai kilo biyu mil 300 zuwa 400, a raba huɗu, na ƙarshe bayan isha'i.

Cuta mafi haɗari a wannan lokaci ita ce wadda likitoci ke kira PPR, annobar awaki da tumaki, kuma tana yawan tashi da hunturu. Alamarta zazzaɓi, ido da hanci su cika da kwantsa da majina har su manne, baki ya yi gyambo yana wari, bayan kwana biyu uku zawo ya biyo, kuma dabbobi da yawa a lokaci guda. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar, kuma sau ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. Ana yi wa ɗa daga wata uku zuwa huɗu. Kafin nan garkuwar dakashi ce ke riƙe da shi, in an taɓa yi wa uwar. To mai wata huɗun nan naki ya isa, uwayen ma in ba a yi musu ba. Allurar tana ɗaukar kamar sati biyu zuwa uku kafin ta kama jiki, don haka Oktoba ko Nuwamba ne lokacinta, amma in an makara a yi duk da haka muddin garken lafiya yake. A ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ake nema. Kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, kuma in an haɗa ta ba ta kwana, sai ku haɗu da maƙwabta a yi rana ɗaya. Allurar da aka ɗauko ba cikin ƙanƙara ba, ta sha rana a aljihu, ruwa ce. Duk dabbar da aka sayo daga kara, Mai'aduwa ce ko Charanchi ko ina, a ɗaure ta nesa da garke sati uku, da kwanon cinta daban.

Ciwon huhu na yau da kullum shi yana jin magani in an yi sauri. Ɗa ya ƙi nono, zafi ya haura digiri 40, kwiɓi yana bugawa da sauri. Allurar da aka fi yi ita ce oksitetirasaikilin mai daɗewa a jiki, wadda ake kira LA, ta kashi 20 cikin 100: mil ɗaya ga kilo 10, a tsoka. Ɗa mai kilo biyar rabin mil ke nan, ba sirinji cike ba. Wanda ya iya ya yi, don allurar cinya in ta taɓa jijiya ƙafa takan shanye. Buɗe kafson mutane a kaɗa a ruwa a ɗura ba magani ba ne, kuma ga wanda ya fara tuƙa yana ɓata masa tumbi.

Tsutsar ciki da damina ake kwasarta, da rani ake biyan bashinta. Ki ja fatar idon ƙasa ki duba: ja ko ruwan hoda mai kyau lafiya, fari-fat jini ya ƙare, wani har ƙasan haɓarsa ta kumbura. Waɗanda suka yi kiwo da damina a ba su albendazol a ƙarshenta, miligiram 10 ga kowane kilo. In na ruwa ne mai kashi 2.5, mil 4 ga kilo 10. Akuya ta fi tunkiya saurin narkar da magani, awon tunkiya ba ya isarta. Ba a ba wadda cikinta bai wuce wata ɗaya da rabi ba, kuma ɗan sati biyu da bai fara kiwo ba ba ya bukata. Zawon da ke kama 'yan sati uku zuwa wata biyar a garke, baƙi-baƙi, wani lokaci da jini da yunƙuri, yawanci ba tsutsa ba ce, wata ƙwayar hanji ce da ke yaɗuwa ta kashi a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa da kwanon abincin da ake takawa. Maganin tsutsa ba ya taɓa ta. Na salfa ko amfuroliyom ake bayarwa bisa awon likita, a ɗaga kwanuka daga ƙasa. Kowane irin zawo ne, rashin ruwa ke kashewa. A kaɗa fakitin gishiri da sukari na kemis a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a ba da mil 50 zuwa 100 sau uku ko huɗu tsakanin shan nono, kuma kada a hana nonon. Sukarin shayi ƙaramin ɗan akuya bai iya narkar da shi sosai, yana iya ƙara zawon. Na fakiti gulukos ne.

Shimfiɗa mai kauri tana da abokin tafiya, ƙuma. A cikinta take ƙwai, kuma tana iya shanye jinin ɗan sati uku har ya mutu. Ki buɗa gashin ciki da hammata ki duba, haka ƙwarƙwata a wuya da gadon baya. In kin gani, a kwashe shimfiɗar a ƙone nesa da gida, a sa hodar ƙwari ta dabbobi a jikinsu da daɓen, a maimaita bayan sati biyu. Maganin feshin gona da fiya-fiya kada su kusanci ɗan akuya. Wanka in ya zama dole, da tsakar rana, a bushe sarai kafin la'asar.

Yaye da dandaƙa a ɗaga su daga makonnin da sanyi ya fi tsanani. Mai wata huɗun, in yana cin harawa da dusa sosai yana tuƙa, ana iya yaye shi, amma ba a satin da aka yi masa rigakafi ba, kuma ba a kai shi ya kwana shi kaɗai ba. A haɗa shi da sa'anninsa. In uwar ba ta rame ba, barinsa da ita zuwa ƙarshen Janairu ba asara ba ce. Wajen ƙarshen Fabrairu in dare ya fara ɗumi a riƙa sassauta zanar, ninki ɗaya tukuna, sannan ɓangaren gabas, don ɗakin da ya dace da Janairu tanda ne a Maris. Baɗi kuma, in kina son rage haihuwar tsakiyar ɗari, barbarar Yuli da Agusta ce ke faɗowa a Disamba da Janairu, sai a ɗaure bunsuru a waɗannan watanni biyu.